Ba a Daka In Magajiya Ta Fita

Idona ya kusa yi mini sallama. In mutum ya tsaya a bakin ƙofata, sai ya yi magana nake sanin ko wane ne. Kunne kuwa yana nan daram. Yaran gida sukan rage murya in za su yi gulmata, ni kuma ina kwashewa tsaf, in bar su da daɗin bakinsu. Ba wata baiwa ba ce, horo ne. A gidan maharba aka haife ni, a wani ɗan ƙauye tsakanin Boɗinga da Shagari, kuma ɗiya mace a irin wannan gida kafin ta iya talge ta iya saurare. Shi ya sa abin da ya sami ƙasarmu a 'yan shekarun nan ya fi cin raina fiye da sauran tsofaffi. Su in sun ji harbi sai su ce an yi harbi. Ni in na ji sai in tsaya neman abin da yake faɗi, ban samu ba. A da, bindiga in ta tashi kowa a gari ya san mai ita, ya san abin da ta je nema. Na yanzu surutu ne kawai, ta-ta-ta kamar ana soya gugguru, ba ka san wanda ya harba ba, ba ka san wanda aka harba ba, sai dai ka tattara 'ya'yanka ka yi salati.

Akwai bindigogi a ɗakin Baba, ƙananan adaka na harbin zabi da gada da gadu. Waɗannan ba su da suna. Mai suna ɗaya ce, Magajiya, kuma an sa mata sunan ne don in ta yi magana kowa shiru yake yi. Ta fi ni tsawo har na yi aure. Ƙaƙƙarfan namiji in ya saɓa ta daga gida zuwa fadama sai ya sauya kafaɗa har ya gaji da sauyawa. Faɗin bakinta kuwa, mun taɓa zura ƙwan tantabara ya wuce sulululu, muka sha duka a kai. Kakanmu ne ya samo ta wurin fatake, lokacin da giwaye ke ratso daji su tattake gonakin dawa. Wani lokaci dalma yake ɗura mata, dunƙule guda mai nauyi, wani lokaci sango, wato wani gajeren mashi mai dafi da ake zurawa ta bakinta. Ni ban taɓa ganin giwa ba, sun bar ƙasar tun kafin in yi wayo. Abin da na tarar shi ne busasshiyar fatar kunnen wata, wadda Inna take shanya barkono a kai.

Aikina a jikin Magajiya ƙarami ne, amma ba a wasa da shi. Ni ke shafe ta da man kaɗanya don kada tsatsa ta kama ta, ni ke duba tsumman da aka toshe bakinta da shi. Maƙiyinta zanzaro ne. Da ya sami bakin a buɗe sai ya shiga can ciki ya gina ɗakinsa na laka, kuma bindigar da aka harba da ginin zanzaro a cikinta mai ita take ci. Baba yakan ce, “Giwa ba ta kashe ubana ba, kak ki bari ƙwaro shi kashe naki.”

Ba mutum ɗaya ke harba Magajiya ba, nan ne ta bambanta da duk bindigar da na sani. Akan kafa gwafa a ƙasa a ɗora bakinta a kai, maharbi ya durƙusa ya rungume gindinta, sannan wani ya durƙusa a bayansa ya danna kafaɗa a tsakanin allunan bayan maharbin, don in ta yi shuri kada ta karya shi. Wannan shi ne mai dafa baya. Dokarsa ɗaya ce: ya kau da fuska gefe, ya sunkuya, kome ya ji kada ya duba. Baba yakan ce mai dafa baya ya fi maharbi zuciya, don shi maharbi yana ganin mutuwarsa tana tahowa, wancan kuwa jin ta kawai yake yi. Mai dafa wa Baba baya Kawu ne, ƙanen Inna, uwa ɗaya uba ɗaya. Ka ga duk ranar da Magajiya ta fita, da miji da ɗan'uwa take tafi wa Inna. Kuma duk wanda ya taɓa harba ta, sai ta karɓi ladarta: kunnen dama. Kakanmu kurman dama ne, Baba ma haka. Inna ba ta taɓa yi masa magana ta dama ba. Ko ruwa za ta ba shi sai ta zagayo ta hagu ta durƙusa. Baƙi sukan ɗauka wata irin ladabi ce ta mutanen da, har su yaba, mu kuwa mu ƙunshe dariya.

Yaran yanzu ba su san yadda gari ke kuka da hantsi ba a wancan zamani. Babu injin niƙa, babu babur, babu rediyo. Turmi ne ke magana. Daga kowane gida surfe da dakan fura, mata biyu ko uku a turmi ɗaya suna lugude, ana cilla taɓarya sama a tafa kafin ta dawo. Daga dakan kaɗai za ka san gidan da aka yi baƙi da gidan da aka yi faɗa. To a cikin wannan hayaniya gidanmu ne kaɗai ke da ranar shiru. In Magajiya ta fita, ba a ɗaga taɓarya. Tsofaffi suna cewa ƙarar turmi tana tunzura naman daji ya juyo kan maharbi. Malamin unguwarmu ya ce wannan canfi ne, Inna ta ce ita ba ta musu da malam, amma kunnenta take so. Ga abin da ake saurare. Magajiya sau ɗaya take magana, don kafin a sake ɗura ta abin da aka harba ya gama yanke shawara. In ta yi, sai a jira ƙaho. Mai dafa baya yana rataye da ƙahon gwanki, in an tsira sai ya busa, mata su ji su ɗauki taɓarya. Tsakanin tashin bindiga da busan ƙaho, nan ne matan gidanmu suka yi furfura.

Ina budurwa, an fara yi mini zancen aure, aka yi wata damina mai ruwa da yawa. Gulbi ya cika ya batse, wata dorina ta biyo ruwa daga yamma ta sauka a fadamarmu. Cikin 'yan kwanaki ta mai da shinkafar mutane kamar an yi sussuka, ta kife wa wani basarke masunci jirgi, da ƙyar aka tsamo shi da rai. Mai gari ya aiko a kira Baba. A lokacin Magajiya ta daɗe a rataye, Baba ya fara manyanta, Kawu kuma yana fama da ciwon gwiwa. Da Baba ya dawo daga fada Inna ta zagaya ta hagunsa ta ce, “Mi kac ce musu?” Ya ce, “Mi za ni cewa? Nic ce ranka shi daɗe, za mu gwada.” Na gan ta tana ninke zanen da ta riga ta ninke.

Sun fita bayan sallar asuba. An riga an surfa gero an wanke tun kafin a san da tafiyar, yana jiƙe a ƙwarya yana jiran daka. Inna ta leƙa tsakar gida ta ce, “Kowa shi aje taɓarya, Magajiya ta hita.” Muka zauna a gindin rumbu jugum. Maƙwabta ma, don kunyar Inna, suka rage nasu dakan. Hantsi ya ɗaga sai muka ji ta. Ba a kunne kake fara jin Magajiya ba, a ciki ne, kamar an buga maka dundu. Tantabarun gidanmu suka tashi gaba ɗaya, jaki ya tsinke igiya, ƙanena na goye ya tsandara ihu. Inna ta toshe masa baki da nono, ta karkatar da kai wajen fadama.

Ba mu ji ƙaho ba.

Ban san yadda zan kwatanta wannan jiran ga wanda bai taɓa yin sa ba. Kome sai ya zama ƙaho a kunnenka, kukan saniya, kiran makiyayi, iska a bakin tulu. Ka miƙe, ka ga ba shi ba ne, ka koma ka zauna da kunya. Inuwar rumbu ta tsuke har ta bar ƙafafunmu a rana, ba wanda ya matsa. Geron ya fara tsami, ƙudaje suka rufe shi. Yara suka yi kukan yunwa suka gaji. Ba mai iya bin sawu, don dokar Baba ce ba a bin Magajiya sai an kira, dabbar da aka ji wa ciwo ta fi mai lafiya haɗari. Ni dai zuciyata tana wurin tsumma. Na duba shi jiya? Na duba. To shekaranjiya fa? Inna kuwa ko hawaye babu, leɓɓanta kawai ke motsi.

Sai da aka kira azahar sannan ƙaho ya taso, siriri, yana yankewa kamar numfashin maras lafiya. Muka tashi da murna, yayata har ta kai hannu ga taɓarya. Inna ta riƙe ta. Ta ce, “Wanga ba busan Kawunku na ba. Ubanku na yab busa.” Wato mijinta yana da rai. Ƙanenta fa, me ya hana shi busawa? Nan Inna ta koma gindin rumbu ta zauna.

Da la'asar sarkawa suka kawo su a kan jakuna. Baba ƙashin wuyansa ya karye, don ya ƙara mata albarushi saboda kaurin fatar dorina, ta kuwa yi shurin da ba ta taɓa yi ba. Ya daɗe a some. Kawu yana da ransa, ya naɗe baki da rawani, rawanin ya jiƙe da jini. Abin da ya faru shi ne, bayan shekara da shekaru yana kau da kai, ranar ya duba. Ƙeyar Baba ta same shi a baki, haƙoran gaba suka zube, leɓe ya tsage, ina bakin busa ƙaho? Da ya warke ya iya magana, da sabuwar giɓinsa, ya ce, “Ruwa nij ji shina tahowa kamar gari na anka turo. Nic ce bari dai in ga abin da za shi kashe ni.” Baba ya ce, “To ai ka gani.” Inna ba ta yi dariya ba. Ta yi wata guda ba ta gai da Kawu ba, kunu kawai take aika masa.

Dorina kuwa ta mutu, dalmar ta same ta a gindin kunne. Kwana da kwanaki ana rabon nama, har mutanen Dingyaɗi sun zo da ƙorai. Ba gidan da bai ɗora tukunya ba. Fatar aka yanka aka yi bulalai, malaman makarantun allo suka saye, yaran ƙasar nan suka yi shekaru suna tsine wa Baba a ɓoye. Wannan ita ce maganar Magajiya ta ƙarshe a hannunsa. Daji ya zama gona, gwanki da ɓauna suka bi giwa. Da Baba ya rasu aka zo rabon kaya, yayyena maza suka ce tsohon ƙarfe ne, a kai wa maƙera su yi fartanya. Na ce sai dai a haɗa da ni. Na kawo ta ɗakina na rataye, kuma hannu ya riga ya saba, ban fasa shafa mata mai da sauya tsumma ba har tsufa ya cim mini. Da na san abin da nake tanada, wallahi da na bar wa zanzaro ita.

Jikana Lawali shi ne namijin gidan nan tun da ubansa ya rasu. Angona nake ce masa, shi kuma Amarya, kullum muna cikin tsiya, yana cewa zai sake ni don ba ni da haƙorin cin nama. Bara, ana gab da huɗa, ɓarayin daji suka shigo da rana tsaka suka kore shanun unguwarmu, har da bijiman huɗarsa. Da yamma ya shigo ɗakina ya ce, “Amarya, an wuni lahiya? Aron Magajiya niz zo.”

Na ce, “Angon ƙarya, kai da ko tunkiya ba ka kayarwa? Tashi ka ba ni wuri. Tun da anka kawo ta gidanmu ba ta taɓa kallon ɗan Adam ba.”

Sai ya ce, “Iya, waɗanga mutane sun aiko. Sun ce wanga karo shanu na, in sun dawo mutane za su kora. Suna nan bakin mashaya ta bayan fadama, sun tsaida shanun. 'Yan sa-kai za su hita da sahe, adakarmu kuwa ko tsoro ba ta ba su.”

Tun da ya iya magana bai taɓa ce mini Iya ba. Na gane ko na hana ɗauka zai yi, kuma shi kaɗai zai tafi da ita. Sai na ce, “Ba ta hita da mutum guda. Kirawo mani Bala.” Bala abokinsa ne tun na ƙuruciya, mai gyaran babura, ƙato mai faɗin kafaɗa. Na sa aka kai ta wurin wani tsohon maƙeri a Boɗinga ya leƙa cikinta ya ɗura musu, don ban yarda da awon yara ba. Na sa aka saro gwafa. Na durƙusar da su a tsakar gida, ina lalube da hannu. Na ce wa Bala, “Aza kahwaɗarka nan, tsakanin allunan bayanai. Kau da huska. Komi kaj ji, kak ka duba.” Sannan na ciro ƙahon Kawu daga ƙasan adudu na rataya masa. Ya yi dariya ya ce, “Iya, ga waya, mi za a yi da ƙaho?” Na ce, “Wayar taku da ko bayan gari anka kai ta sai ta kurmance? In kun tsira ka busa. In ba ka busa ba, ko lahira ka tahi ni ishe ka.”

Da safe bayan sun fita na ji uwar Lawali ta jawo turmi za ta yi dakan fura. Na ce ta ajiye. Ta ce, “Iya, wanga ai canhi na.” Na ce na sani, malam ya gaya wa uwata tun kafin a haifi uwarki, ajiye dai. Na aika wa mai injin niƙa na bakin masallaci, ya kashe, Allah ya saka masa. Muka zauna a gindin rumbu, ni da ita. Ba a jima ba aka fara ta-ta-ta daga wajen fadama, babu tsayawa, ƙananan adakar mutanenmu suna amsawa jifa-jifa kamar tari. Uwar Lawali ta matso har gwiwarta ta taɓa tawa. Ban yi mata gori ba. A zamanin Inna abin da ake tsoro ɗaya ne, kuma ba ya harbi. Yanzu yarona yana durƙushe a bayan gwafa da harbi guda a hannunsa, a gaban mutanen da nasu ba ya ƙarewa.

Sai Magajiya ta yi magana. Shekara nawa rabona da muryarta, amma cikina ya gane ta kafin kunnena. Kwanon rufi ya yi kuka, kaji suka watse. Ta-ta-ta ɗin ya ɗan ƙara, ya yi nisa, ya ɗauke. Uwar Lawali ta ƙanƙame hannuna tana cewa, “Iya, mi na na? Mi ka nan?” Na ce, “Yi shiru, yanzu anka hwara.” Na karkatar da kai yadda Inna take yi, na ji bakina yana motsi da addu'ar da ban san na haddace ba. Saniya ta yi kuka na zabura. Wani yaro ya busa kwalba a bayan katanga, na kusa tsine masa. Inuwa ta bar ƙafafunmu. Na tuna Kawu, na ce ya Allah ko da baki a fashe ne, ko a kan jaki ne, dawo mini da shi.

Ƙahon da ya zo kamar an taka ɗan akuya ne, ban taɓa jin mummunan busa irinsa ba, ban kuma taɓa jin mai daɗinsa ba. Na ce, “Tashi ki yi daka.” Ta tashi tana kuka tana daka, taɓarya tana kuskuren turmi.

Sun dawo da yawancin shanun. An ce da ɓarayin suka ji tashinta sun ɗauka soja ne suka zo da babbar bindiga, suka watse. Mutane suka cika ƙofar gida ana ta barka. Amma ranar ba a raba nama ba, ba wanda ya zo da ƙwarya. Na jawo Bala gefe na ce, “Ta sami wani?” Ya ce, “Ban sani ba, Iya. Ke kinka ce kar in duba.” Wanda ya sani ɗaya ne, kuma har yau bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Da kafaɗarsa a ɗaure Lawali ya sa aka mai da ita mazauninta, ya nemi tsumma da kansa ya toshe bakinta. Na ji irin toshewar da ya yi, ta mai niyyar sake ɗaukarta ce.

Da magariba na dama masa fura na kai masa. Yana zaune a kan tabarma ya zuba wa bango ido. Na tsaya a damansa na ce, “Angona, ga hura.” Bai juyo ba. Na ƙara ɗaga murya na ce, “Lawali.” Ko motsi bai yi ba. Na daɗe a tsaye da ƙwarya a hannu. Sannan na ja ƙafa, na zagaya ta bayansa, na durƙusa ta hagu.